Malamar Tarihi da Daular Auta

Ɗaliban makarantar sakandaren da take koyarwa sun daɗe da yi mata laƙabi. A-ina-ka-gani suke ce mata, domin duk wanda ya ɗaga hannu ya ba da amsa a ajin tarihi, ko da amsar daidai ce, sai ta leƙo shi ta saman tabarau ta tambaye shi inda ya gani. In ya ce a littafi, ta ce wane littafi. In ya faɗi littafin, ta ce shi mai littafin a ina ya gani. Malamai 'yan'uwanta ma ba su tsira ba. A ɗakin malamai teburinta ne na kusa da taga, kuma in ana cikin hira ta shigo sai muryoyi su yi ƙasa, don kowa ya san labarin da ya tsinto a mota ba zai kai ƙarshensa lafiya ba.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinsu masinja ne a wani ofishin gwamnati, aikinsa hawa bene da sauka da fayil a hammata. Tun tana ƙarama take jin yana ba Inna labarin yadda babban ofis zai ba da umarni da safe yana kumfar baki, amma takardar ta yi wata guda a aljihun teburin wani akawu, saboda kawai akawun yana jin haushin wanda aka rubuta wa. Wannan ya zauna mata a rai, har ta girma ba ta yarda cewa don an faɗi abu a sama an yi shi a ƙasa ba.

Da mahaifin ya rasu, autansu yana firamare. Lokacin ba ta daɗe da kama aiki ba, ga sabon aure, amma ta ɗauko yaron ta riƙe a gidanta. Mijinta mai kantin magani ne, mutum marar hayaniya, bai hana ba. Ita ta yi wa Auta wanki, ita ta duba masa aikin gida, ita ta zane shi in ya yi laifi. Ta so ya karanci shari'a, shi kuwa ya bi kwamfuta. Ba ta taɓa ɓoye masa cewa tana ganin ya yi asarar kai mai kyau ba.

Bayan ya gama jami'a ya yi 'yan shekaru yana haɗa wa mutane shafukan intanet. Daga nan shi da abokansa biyu suka kama haya a saman wani shagon sayar da tayoyi, suka ce sun buɗe kamfani. Wasan kwamfuta suke ƙerawa, irin wanda mai wasa zai zama sarkin wata tsohuwar daula ta can zamanin da, ya gina birane, ya ɗora haraji, ya cika rumbuna, ya tura rundunoni. Ɗaya abokin shi ke zane-zane, ana ce masa Dogo. Ɗayan kuma shi ke yawon neman masu zuba jari, kullum cikin kwat ko ana zafi, shi ya sa suke ce masa Manaja.

Wata rana Auta ya zo gida ya zauna a kan darduma gabanta, ya gaishe ta da ladabin da ta daɗe ba ta gani ba. Ya ce suna son wasan ya tsaya a kan tarihi na gaskiya, kuma bai san wanda ya fi ta sanin yadda ake mulki a zamanin da ba. Ta ce dama ta san wannan gaisuwar ba ta banza ba ce. Amma bayan ya tafi mijinta ya ga ta sauko da littattafan da suka yi ƙura a saman sif tana kaɗe su.

Ranar Asabar da safe ta hau benen, warin roba yana bin ta har sama. Ɗakin cike da wayoyin lantarki a ƙasa, ga gorunan ruwa da aka shanye, ga fanka tana juyawa tana ƙara. Auta ya ja mata kujera gaban babban allon kwamfuta. Taswira ce kyakkyawa, koguna suna sheƙi, ƙananan mutane suna kai da kawowa.

"Kin ga wannan lardin, Yaya? Yana can bakin iyaka. In ina son ƙarin hatsi, sai in danna nan." Ya danna, nan take adadin da ke saman allon ya fara hawa.

Ta ce, "Wa ya kai saƙon?"

"Wane saƙo?"

"Kai kana fada, lardin yana bakin iyaka. Wa ya tafi ya gaya musu? Me ya hau? A ina ya kwana? Da ya isa, wa ya ce maka gwamnan zai yarda?"

Dogo ya yi dariya daga inda yake zaune, ya ce ai wasa ne, Malama. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce wa Auta ya gaya wa abokinsa ba wurinsa ta zo ba.

Har rana ta take tana magana. Ta ce babu sarkin da ya taɓa kallon ƙasarsa daga sama kamar shaho. Bai san yawan talakawansa ba, abin da ya sani shi ne abin da magatakarda suka rubuta, su kuma suna rubuta abin da gwamna ya bari su gani. Ta ce hatsin da ya taso daga nesa raguwa yake yi a hanya, masu ɗauka su ci, jakuna su ci, ɓera ya ci, mai karɓa ya cire nasa, wanda ya naɗa mai karɓar ma ya cire. Gwamnan da ke nesa ƙaramin sarki ne, ya auri 'yan garin, ya tara nasa mutanen, yana biyayya ne gwargwadon tsoronsa. Akwai manyan gidaje da wuraren ibada da mai haraji ba ya ko taka ƙofarsu. Da ta ga maɓallin da aka rubuta wa "sauke gwamna", ta sa yatsa a kai ta ce wannan abin da suka mayar dannawa ɗaya, a wancan zamanin sau da yawa yaƙi ne.

Abin mamaki, maganar ta shigi Auta. Ya ga kamar sun samu abin da babu a sauran wasanni. Ya lallaɓa abokansa suka fara ƙera wani zubin bisa abin da ta faɗa. Duk Asabar tana zuwa da littattafanta a jaka, kuma duk zuwan sai an yi. Ita da Dogo ba sa shan inuwa ɗaya. Ta ce rumbunan da ya zana sun yi kama da tankunan gidan mai. Ta ce ya ba kowane soja takalmi iri ɗaya kamar daga masana'anta aka ɗebo. Shi kuma ya ce mata in tana son a nuna yadda jaki ke tafiya a hankali, ta je bakin hanya ta kalla, kyauta ne. Don ya huce haushi, sai ya zana wata mai karɓar haraji a cikin wasan da fuskarta sak, har da tabarau a kan karan hanci. Ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga Auta ta ce a cire tabarau ɗin, ba a ƙirƙiro shi ba tukuna a lokacin.

Da zubin ya kammala suka gayyato masu wasa su gwada. Mutum zai ba da umarni, ya zauna yana jira, ba abin da ya motsa. Wani ya ɗauka kwamfutar ce ta tsaya, ya kashe ta ya kunna. Wani ya aika a ƙara haraji, amsa ta dawo bayan an jima cewa gwamna yana gaisuwa, amma fari ya cinye amfanin gona, alhali ƙarya yake. Kafin ya gane, lardin ya ɓalle. Ya ture kujera ya ce shi duk mako yana bin layi a ofisoshi, bai zo nan don ya sake bin wani layin ba. Kafin la'asar ɗakin ya watse.

Manaja ya rufe ƙofa ya ce ba wanda zai sayi wannan. Dogo ya ce dama ya faɗa. Auta ya yi ta ƙoƙarin a bar ko rabi, suka rinjaye shi. Aka cire jinkirin manzanni, aka cire ƙaryar gwamnoni, aka mayar da komai dannawa ɗaya. Abin da ya rage na aikinta shi ne siffar rumbuna da wasu sunayen muƙamai. Auta ya kasa fuskantarta. Ya ce mata kawai ta huta da zuwa, sauran aikin na injiniyoyi ne.

Wasan ya fito, ya kuma samu karɓuwa daidai gwargwado, musamman a wayoyin matasa. Ita ba ta wasa a waya, don haka ba ta san abin da ke ciki ba, sai da lokacin jarrabawa ya zo. Ta yi tambaya a kan wahalar mulkin larduna masu nisa a tsofaffin dauloli. Tana makin takardu a ɗakin malamai, sai ta ga amsa iri ɗaya tana maimaituwa. Wai sarki yana duba taswira a fada ya ga lardin da ke fushi, sai ya gina musu lambu su huce, sannan ya ƙara haraji. Ta yi tsaki a ta farko. Da ta ga abin ya yi yawa, ta ajiye jan biro ta tambaya da ƙarfi wane ne yake koya wa yaranta wannan shirmen.

Malamin labarin ƙasa, wanda ta taɓa ƙaryatawa a gaban shugaban makaranta kuma bai manta ba, ya taso da wayarsa cikin natsuwa. Ya buɗe wasan ya ajiye mata a kan tebur. A shafin farko an rubuta cewa an gina shi bisa ingantaccen tarihi, da shawarar ƙwararriyar malama, ga cikakken sunanta da sunan makarantar.

Ya ce, "Malama, wannan karon dai mun san a ina suka gani."

Aka yi ta ƙunshe dariya. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar takardun a baje.

Ta kira Auta tun tana bakin ƙofar makaranta. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce za a cire sunan in an sabunta wasan. Aka sabunta, sunan yana nan. Manaja ne ya hana, domin yana neman hukumar ilimi ta yankin ta karɓi wasan a sa a ɗakunan kwamfuta na makarantu, kuma sunan malamar tarihi shi ne babban abin da yake nunawa. Ta sake kira, Auta ya daina ɗauka. Ta je har shagon tayoyi, Dogo ya tare ta a kan matattakala ya ce Auta ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a jingine a ƙofa. Ta dubi babur ɗin, ta dubi Dogo, ta juya.

Mijinta ya roƙe ta ta bari a bi ta hannun Inna. Ta ce Inna ba ta san taswira ba, kuma ba sunan Inna aka rubuta ba.

Ranar da hukumar ta tara malaman tarihi a babban zaure don a nuna musu wasan, ta je da wuri ta zauna a tsakiya. Auta ya hau dandamali da ɗamarar wuya da ba ta saba gani a jikinsa ba. Idonsa ya faɗa kanta, amma ya daure ya yi bayani, ya nuna birane, ya nuna rumbuna. Aka tafa. Da aka buɗe fagen tambaya ta miƙe. Jami'in da ke jagorantar taron ya ce ta gabatar da kanta, ta ce ba sai ta yi ba, ga sunanta can a jikin allo.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce duk abin da ta ba da shawara an cire, an bar sunanta yana gadin ƙarya. Ta ce wasan yana koya wa yaro cewa mulki shi ne mutum ɗaya ya ga komai, ya so abu ya faru nan take, talakawa kuma adadi ne da ke hawa da sauka. Babu daular da aka taɓa mulka haka, kuma yaron da ya tashi da wannan a kansa ba zai gane dalilin da dauloli ke rushewa ba, ba zai ma gane ofishin da ke bayan gidansu ba. In abin wasa ne, a kira shi abin wasa, yara su yi kamar yadda suke buga ƙwallo. Amma kada a shigar mata da shi aji.

Auta ya matso da bakinsa kusa da makirufo ya ce, "Yaya, za mu yi magana a gida."

Ta ce, "A waya na yi maka magana, ka daina ɗauka. Na zo ofishinku, aka ce ba ka nan, ga babur ɗinka a ƙofa. Nan ne kaɗai na same ka."

Manaja ya yi ƙoƙarin karɓar magana, jami'in ya ce a dakata a sha ruwa. Ba a dawo kan batun ba, ranar ko bayanta.

Wani daga cikin malaman ya ɗauki abin a waya, kafin kwana biyu ya zaga ko'ina. Wasu suka ce ta burge su. Mafi yawa suka ce wace irin 'yar'uwa ce wannan, mai tsinka ƙanenta a bainar jama'a saboda jakuna da rumbuna. A kamfanin kuwa laifin ya koma kan Auta. Dogo ya ce shi ya jawo musu ita tun farko. Manaja ya daina sa shi a tarurruka. Kafin shekara ta zagayo Auta ya tattara kayansa ya sauko daga benen.

Inna ta kira su duka biyun, ta sa kawunsu ya zo ya zauna a tsakani. Kawu ya yi doguwar nasiha a kan zumunci, kowannensu yana kallon gefe. Da ya gama ya ce Auta ya ba yayarsa haƙuri, ita kuma ta yafe. Auta ya ce ya yarda bai kyauta ba da ya bar sunan, amma yana da magana.

"Ba tarihi kike karewa ba, Yaya. Tun ranar da na ƙi karatun shari'a kike jiran ranar da za ki nuna wa duniya cewa na ɓata. Kin samu."

Ta ce, "Na yi shekaru ina hana 'ya'yan mutane faɗin abin da ba su da hujja a kai. Kai da na raina da hannuna ka ɗauki sunana ka manna a kan abin da ka san ba haka yake ba. Da ka zo ka ce mini an cire, da na yi faɗa na gama."

"Wa ya isa ya gaya miki abin da ba kya son ji?"

Inna ta fara kuka. Kawu ya ce to a tashi haka, zuciya ta yi sanyi tukuna. Ba ta yi sanyin ba.

Bayan wasu watanni wani malamin jami'a ya yi rubutu a jarida a kan rigimar. Ya ce wasan ya sauƙaƙa abubuwa fiye da kima, gaskiya ne, amma ita ma malamar ta zarce. Akwai daulolin da suka shirya zangon manzanni har saƙo yana gudu fiye da yadda ta nuna, akwai kuma waɗanda suka yi ƙidaya mai kyau gwargwadon zamaninsu, sannan abubuwa da yawa ba wanda ya san yadda aka yi su, ita ma ba ta sani ba. Malamin labarin ƙasa ya yanko shafin ya manna a allon sanarwa. Ta cinye hutun zangon nan gaba ɗaya tana rubuta martani, jaridar ta buga ɗan kaɗan daga cikin abin da ta aika, ta kuma yi fushi da jaridar. A aji dai ɗalibai sun lura ta fara cewa "a wasu dauloli" a inda da take cewa "babu sarkin da ya taɓa", amma ba wanda ya yi gangancin nuna mata.

Kamfanin ya cire sunanta daga ƙarshe, lokacin da cirewar ba ta amfani kowa. Auta ya samu aiki a sashen kwamfuta na wani banki, ya yi aure, ya kama gida a can ɗaya gefen gari. Ta je bikin ta zauna cikin mata ta tafi da wuri. Tun daga nan duk abin da ya shafi Inna ta bakin mijinta yake bi. Auta ya biya kantin magani ya faɗi saƙo, mijin ya kawo gida, ya mayar da amsa, yana rage mata kaifi a hanya. Matar Auta takan kira ta gaishe ta, ta amsa da kyau, amma ba ta tambayar maigidan.

Bara Inna ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita a asibiti. Malama da Auta suka raba jinya, ita safe, shi yamma, yadda ba za su haɗu ba. Wata rana likita ya makara, ta kai har bayan azahar, sai ga Auta ya shigo da kwanon abinci. Ma'aikaciyar jinya ta ce su jira a waje ana canza wa tsohuwa shimfiɗa. Benci ɗaya ne a barandar. Ta zauna a wannan ƙarshen, ya zauna a wancan. Ta lura ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefen kunne.

Ya gaishe ta, ta amsa. Suka yi maganar magungunan Inna da abin da likita ya ce. Maganar ta ƙare. Can ya ce, yana kallon bango, ya koma ƙera wasa shi kaɗai a gida in ya taso aiki. Na tseren motoci ne.

Ta ce, "Ya fi. Mota ba ta da tarihin da za a yi wa ƙarya."

Ya ce, "Ba shawara nake nema ba. Faɗa miki kawai na yi."

Ma'aikaciyar jinyar ta leƙo ta ce mutum ɗaya zai iya shiga. Malama ta miƙe ta karɓi kwanon daga hannunsa, ta buɗe ta duba, ta ce ya gaya wa matarsa likita ya hana Inna gishiri da yawa. Ta shiga ta ja ƙofa.